Yadda Ake Bin Sawun Tsofaffin Takardun Kwangilar Kamfanin Haɗa Motoci

Duk wanda yake son sanin nawa ne na Najeriya a jikin Peugeot 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, to ya nemi takardun sashen saye. A can ne zai ga wa aka ba odar batir, wa ya kawo taya, wa ya ɗinka kushin, a kan nawa, kuma yaushe kuɗinsa ya fito. Na yi aikin sito, daga baya na koma teburin saye, a wani kamfani da ke kai wa masu haɗa motoci kaya, kafin in dawo gida Jos. Yanzu ɗaliban jami'a masu rubutun kammala karatu da magadan tsofaffin 'yan kwangila su ne ke sallama mini da irin waɗannan takardu, wani a buhu, wani a akwatin ƙarfe, su ce, "Baba, a duba mana." Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan, domin takardun suna ƙarewa, masu iya karanta su ma suna ƙarewa.

Kafin ka buɗe fayil ko ɗaya, ka san filin da kake ciki. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas don ƙananan motoci, sai na manyan motoci, wato Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da Mercedes a Enugu. Ta Kaduna, da ke Kakuri, ta fara fitar da mota a 1975. Dukkansu hanya ɗaya suka bi. Uwar kamfani a Turai ta aiko da mota a wargaje cikin akwatuna, abin da takardun ke kira CKD, a ɗaura ta a nan, da niyyar cewa a hankali za a riƙa cire wasu sassa daga cikin akwatin ana sayensu a gida. Saboda haka takardun saye kashi biyu ne, na kayan waje da na kayan gida, kuma kowanne da yadda ake karanta shi.

Dokata ta farko: kada ka gyara. Mutum ya ga takardu a cakuɗe, hannunsa ya riƙa ƙaiƙayin ya ware rasit gefe, wasiƙu gefe, ya jera su bisa shekara. Da ya yi haka ya rusa aikin akawun da ya haɗa su. Idan ka ga takarda huɗu an soke su da fil ɗaya, akwai dalili, ko da dalilin bai bayyana gare ka a ranar ba. Ka ɗauki hoton kowane fayil yadda ka same shi, da bangonsa, da rubutun da ke jikin bangon, sannan ka sa wa kowace takarda lamba da fensir a kusurwar baya. Biro ba ya taɓa tsohuwar takarda. A fayil ɗin ofis na da, takardar da ta fi tsufa tana ƙasa, sabuwa tana sama, don haka daga ƙarshe ake farawa a karanto zuwa gaba.

Yanzu ga zuciyar aikin. Saye guda ɗaya yakan bar takardu a jere, kuma kowace tana faɗin abin da 'yar'uwarta ba ta faɗa ba. Kamfani ya nemi farashi, ɗan kwangila ya aiko da nasa farashin. Idan an daidaita, a rubuta masa takardar oda, wadda kowa ke kira LPO. Ya ɗora kaya a mota da webil, wato takardar rakiyar kaya. Kaya su iso ƙofar sito, mai sito ya ƙirga ya cika takardar karɓar kaya. Masu duba inganci su bincika, abin da bai yi musu ba su rubuta masa takardar mayarwa. Ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya, akanta ya haɗa ta da oda da takardar sito, idan ukun sun yi daidai ya rubuta bauca, a fitar da cek.

Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne su sami takardar oda su ɗauke ta a matsayin shaidar an sayi kaya. Oda niyya ce kawai. A ce ta ce shimfiɗar ƙafa guda 500. Webil ma ta ce 500, don direba abin da aka ce masa an loda shi zai sa wa hannu. Ka je takardar sito ka tarar an rubuta 470, an ja layi a ƙarƙashi da jan biro. Ka ƙara gaba ka ga masu duba inganci sun mayar da 40 saboda robar ta tsage a wurin ramin giya. Abin da ya shiga mota ke nan 430, kuma kuɗin 430 za ka gani a bauca. Wanda ya tsaya a oda zai rubuta a littafinsa cewa ɗan kwangilar gida ya kawo 500, ya gina hukunci a kai. Ni a wurina takardar mai sito ta fi kowace nauyi, domin shi kaɗai ne in lissafi bai cika ba za a cire a albashinsa, don haka da hannunsa yake ƙirgawa.

Ka lura da launin takardar ma. Littafin oda yakan zo da kwafi uku ko huɗu da takardar kabon a tsakani. Farar ta sama ita ake ba ɗan kwangila, masu launi su tafi akanta da sito, ta ƙarshe ta zauna a jikin littafin. Idan farar ce a hannunka, daga gidan ɗan kwangila ta fito. Idan mai launi ce mai dishi-dishin rubutu, daga cikin kamfani ta fito, kuma ita ce ya kamata ka juya bayanta. A baya da gefe ne ma'aikata ke yi wa juna rubutu: a dakatar da biya, a kira shi ya zo, manaja ya ce a rage. Na taɓa riƙe wata takardar neman biya ta wani mai ɗinkin rigar kujera, hatimin karɓa uku a jikinta, kowanne da kwanan wata daban, tsakanin na farko da na ƙarshe kusan wata bakwai. A gefenta wani ya rubuta da fensir cewa a jira kuɗin waje su fito. Mutumin nan naira yake bi, ba ruwansa da kuɗin waje, amma layin haɗa mota ya tsaya saboda akwatunan Turai ba su iso ba, kamfani bai sayar da mota ba, shi kuma telolinsa suna jiran albashi. 'Ya'yansa sun girma suna jin cewa babansu bai iya riƙe kuɗi ba ne shagon ya mutu. Da na nuna wa babban ɗansa hatiman nan uku, ya daɗe bai ce komai ba.

Sau da yawa kwanan wata ya goge, ko gara ta cinye kusurwar da yake. Kan takardar zai taimake ka. Idan adireshi ya ce Jihar Benue-Plateau ko Jihar Arewa ta Tsakiya, an buga takardar kafin Fabrairun 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Filato aka kuma sa wa ɗayar sunan Kaduna. Idan kuɗin fam ne da sule, kafin Janairun 1973 ne, kuma fam ɗaya naira 2 aka canza shi. Cek ɗin Barclays ko Standard Bank ya girmi 1979, shekarar da suka koma Union Bank da First Bank. Sunan kamfani da ya ƙare da Plc bai riga dokar kamfanoni ta 1990 ba. Idan ka ga an ɗora harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari, daga Janairun 1994 ne zuwa sama. Lambar wayar salula kuwa daga 2001. Sai dai ka yi hattara da abu ɗaya: ɗan kasuwa ba ya zubar da takarda mai kan suna don an canza sunan jiha, yakan yi ta amfani da ita har ta ƙare. Don haka kan takarda yana gaya maka lokacin da aka buga ta ne, rubutun da ke jiki yana iya zama ƙaninsa da shekara biyu ko uku.

Takardun Faransawa suna da nasu tarkon. Waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo a kuɗi, wato 12,50 faran goma sha biyu da rabi ne. Ɗayansu na rubutun hannu yana da dogon baki har ya yi kama da bakwai ɗinmu, bakwai ɗinsu kuma suna gitta masa layi a ciki. Amurkawa su kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, 3/4 a wurinsu huɗu ga Maris ne.

Batun farashi yana son haƙuri. Kada ka ɗauki farashin 1981 ka ajiye kusa da na 1988 ka ce ɗan kwangila ya yi tsada. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. A 1982 kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya zama abin nema ido rufe. A Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu a ƙarƙashin shirin SAP, aka soke lasisin, naira ta faɗi, zuwa 1987 dala tana wajen naira 4. Mai yin batir ko fenti a gida yawancin kayan haɗinsa daga waje yake sayowa. Shi ya sa fayilolin waɗannan shekaru suke cike da wasiƙun neman ƙarin farashi, wani lokaci biyu a wata ɗaya. Ka karanta su da kyau, don a cikinsu ne ɗan kwangila ke tona cikinsa: ya lissafa nawa ne roba, nawa ne ƙarfe, nawa ne kuɗin kwastan, nawa ne ladan ma'aikata. Babu wata takarda da ta fi su nuna maka ko abin da ake kira kayan gida da gaske na gida ne, ko kuwa an shigo da shi ne aka ɗaura masa ƙusa huɗu a Legas. A kayan waje kuma ka duba haruffan da ke gaban kuɗin. FOB farashi ne zuwa kan jirgi a can ƙasarsu, C&F ya haɗa da kuɗin dako, CIF ya ƙara da inshora. Ba a gwada ɗaya da ɗaya sai an daidaita su. Fom M, takardar da mai shigo da kaya ke cikewa a banki, zai ba ka canjin da aka yi amfani da shi.

Idan Allah ya sa ka dace da yarjejeniyar kanta, mai shafuka da sa hannun ɓangarorin biyu, ga wuraren da nake fara dubawa. Na farko, wa ya mallaki ƙirar, wato ƙarfen da ake zuba roba ko a buga faranti a kansa. Idan na kamfanin mota ne, ranar da aka ɓata zai aiko a ɗauke abinsa, ɗan kwangila ya zauna da injin da ba shi da aiki. Idan kuma ɗan kwangila ne ya ci bashin banki ya yi ta, ranar da aka daina wannan samfurin mota ta zama kayan gwangwan. Na biyu, ko an yi alkawarin adadin da za a saya, ko kuwa an ce gwargwadon buƙata. Na uku, kwana nawa aka yanka na biya, sai ka gwada da abin da bauca ta nuna. Na huɗu, wa ke amincewa da samfurin gwaji, injiniyan da ke nan ko sai an aika Turai an jira amsa.

Akwai kuma wata takarda da nake roƙon kowane mai bincike ya nema, ita ce jerin sassan da aka cire daga akwatin CKD. Duk sashen da aka koma saye a gida, uwar kamfani takan rage wani abu daga kuɗin akwatin. Ka sami wannan ragin, ka ajiye shi kusa da farashin da ake biyan mai yin sa a gida. Inda ragin ya gaza farashin gida, kowace mota da aka sa wa kayan gida ta ƙara tsada ke nan, kuma manajan saye ba shi da abin da zai sa ya yi ɗokin neman ɗan kwangilar gida. A ganina wannan lissafin ya fi duk wani dogon bayani nuna abin da ya hana kayan gida yawaita a motocinmu. Ka tuna kuma akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso sassan Peugeot daga Lyon zuwa Kano, don haka a fayil ɗin kayan waje na Kaduna kana iya cin karo da takardar dakon jirgin sama inda kake zaton ta jirgin ruwa.

Lambar sashe kuwa, idan ta gagare ka, kada ka ɓata dare a intanet. Rubuta ta a takarda ka gangara Dilimi a nan Jos wurin dattawan masu sayar da kayan gyaran mota, ko ka je Farin Gada wurin tsohon bakanike. Lambar Peugeot ta da lambobi huɗu ne, ɗigo, sai biyu, kuma akwai mutanen da suna jin huɗun farko za su ce maka wannan na birki ne, wannan matatar mai ce. Wasunsu har yanzu suna da tsohon littafin sassa a ƙarƙashin kanta. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka bari sai ciniki ya lafa.

To ina ake samun takardun? Gaskiya mafi yawan abin da ya tsira yana hannun iyalan 'yan kwangila da dillalan mota da tsofaffin ma'aikata. Doka shekara shida ta wajabta wa kamfani ya ajiye takardun lissafinsa, kuma masana'antun nan duk sun canza hannu. Ta Kaduna an sayar da hannun jarin gwamnati a cikinta a 2006, daga baya AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya, ta karɓe ta a 2012. Duk da haka ka rubuta musu wasiƙa, ba a san inda rana za ta faɗi ba. A nan Jos gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 ta tafi da takardun 'yan kasuwa masu yawa, don haka abin da ya rage a gidaje ya ƙara daraja.

Abuja tana da ƙofofi uku. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, za ta ba ka tarihin ɗan kwangilar kansa idan kana da suna ko lambar rajista, wato RC: yaushe aka yi rajista, su wa ne daraktoci, ko an jinginar da kadara ga banki. Hukumar BPE ita ta sayar da hannun jarin gwamnati, kuma kafin a sayar da kamfani sai an lissafa bashin da ake bin sa, a nan sunayen masu kawo kaya ke fitowa. Sai hukumar NADDC, wadda ta gaji majalisar kula da harkar motoci da aka kafa a 1993. Ga hukumomin gwamnati kana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Ka rubuta abin da kake so a taƙaice, da sunan kamfani da shekaru, ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Wanda ya rubuta cewa yana son duk abin da ya shafi motoci, ya ba su hanyar da za su sallame shi.

A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Arewa House. Fayilolin gwamnati ne suka fi yawa, don haka ɓangaren ma'aikatu za ka nema, kamar sayen motocin gwamnati. Tsofaffin jaridu, New Nigerian da Nigerian Standard tamu ta Jos da Daily Times, suna da tallan neman 'yan kwangila da sanarwar farashin mota, masu amfani wajen cike giɓi. Masu yin taya ma a bi sawunsu, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, duk da cewa sun daina yin taya a ƙasar nan a 2007 da 2008.

Ƙarshen zaren yana waje. Peugeot tana da gidan adana takardunta a Terre Blanche, garin Hérimoncourt kusa da Sochaux a Faransa, kuma wasiƙar da aka aiko Kaduna akwai yiwuwar kwafinta yana can. Wanda kuma yake son ganin yadda ake tsara irin wannan taska, ya duba ta Ford a cibiyar bincike ta Benson Ford da ke Dearborn a jihar Michigan ta Amurka. Kowane tarin takardu da lambarsa, da jagoran da ke faɗin abin da ke cikin kowane akwati, kuma ana iya karanta jagororin a intanet daga nan Jos. Tarihin Ford ɗin kansa ya isa misali. A 1903, shekarar da aka kafa kamfanin, 'yan'uwa biyu John da Horace Dodge ne aka ba kwangilar inji da giya da ƙarafan ƙarƙashin mota 650, kowace a kan dala 250. Wato mafi yawan abin da ke motsi a motar farko ta Ford daga shagon Dodge ya fito. Sun zama masu kashi 10 cikin ɗari na kamfanin, a 1914 kuma suka fito da motarsu mai sunansu. Wanda ya karanta tallan Ford kaɗai ba zai san wannan ba. Idan za ka rubuta wa irin waɗannan gidaje, ka ambaci sunan kamfanin Najeriya, shekarun, da lambar wasiƙar da ke hannunka, don da ita ma'aikacin zai nemo fayil.

Adanawa ba ta da wuya, kulawa take so. Sanyin Jos yana yi wa takarda daɗi, amma damshin Yuli da Agusta yana ratsa akwatin da aka ajiye a kan siminti, don haka a ɗora shi kan katako, nesa da bango. A cire fil da ƙarfen sitefula masu tsatsa a hankali, a naɗe takardun da suke tare a cikin farar takarda guda don kada su rabu. A cire robar ɗauri. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada kuma a kai su laminetin, zafi da gam ɗin ba sa fita. Takardar faks mai santsi ita za a fara ɗauka hoto yau ɗin nan, don rubutunta gogewa yake yi da kansa. Hoto da waya ya wadatar, a hasken rana a inuwa, gaba da baya, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Sannan ka buɗe littafi ko tebur a kwamfuta, kowane saye layi ɗaya: lambar oda, kwanan wata, mai kawo kaya, sashe, adadin oda, adadin da sito ya karɓa, adadin da aka mayar, farashi, ranar biya. Inda babu takarda ka bar gurbin fayau, kada ka cike da zato.

Takardun nan suna ɗauke da sunayen mutane, da bashi, da saɓani, wasu masu sunan suna raye, wasu 'ya'yansu ne maƙwabtanka. Ka nemi izinin iyalin kafin ka wallafa komai, kuma inda sunan ƙaramin ma'aikaci bai ƙara wa bincike komai ba, ka rufe shi. Idan ka sami tsohon mai sito ko akawun saye da ya yarda ya zauna da kai, kada ka je masa da tambayoyi a rubuce kawai. Tafi da hoton takardar ka miƙa masa. Zai gane sa hannun abokan aikinsa, ya fassara maka gajerun haruffan da ke gefe, ya gaya maka wane hatimi ne na ƙofa, wane ne na akanta. Ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa, ka rubuta rana da wurin da kuka zauna, ka ajiye tare da lambar takardar da kuka tattauna a kai.